Hatsinmu a Rumbun Wasu

Duk matafiyin da ya bar birnin Kaduna ya nufi kudu ta hanyar Kachiya, da zarar ya wuce Sabon Tasha ya fara hango dogayen bututun matatar mai, to, ya kusa Mararaban Rido. Gari ne na bakin hanya a Ƙaramar Hukumar Chikun, wanda ya bunƙasa a gefen matatar da aka buɗe a 1980. Daga nan hanya ta miƙe sai Kujama, sai Kasuwan Magani, sai Kachiya, har ta dangana da Zonkwa da Kafanchan. Ga Gbagyi waɗanda suka daɗe a wannan yanki, ga Adara da Bajju da Atyap da Ham, ga Hausawa da Fulani, ga kuma mutanen kudancin ƙasa waɗanda aiki ko fatauci ya kawo. Kowa da harshen gidansu, amma da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita kuma ake waƙa a majami'u da dama. A wannan gari ne aka tuna mana da wani bashi da muka daɗe da mantawa da shi.

A watan Nuwamba na 2024 ɗaurin aure ya kai mu can. Bayan an shafa fatiha an watse, sai wani tsohon ɗalibinmu, wanda ke koyar da Hausa a wata makarantar sakandare ta yankin, ya ja mu zuwa gidansa don mu sha ruwa. Da muka ci muka sha, sai muka lura yana ta juya wayarsa a hannu kamar mai magana a baki.

Can sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, akwai wata 'yar buƙata, amma ina jin nauyin kawo ta."

Muka ce masa ya faɗi, ai ɗa ba ya jin nauyin ubansa a kan abin karatu.

Ya ce, "Waƙoƙin baka nake koya wa yara a wannan zango. Na ga misalan da ke cikin littafinsu duk daga Kano da Katsina da Sakkwato suke, sai na tuna binciken nan da na raka Malam a ƙauyukan nan namu. Na nema a intanet, na kuwa samu. To, amma ga abin da suka ce."

Ya miƙo mana wayar. Ga sunanmu nan ɓaro-ɓaro, ga kan maƙalar da Turanci, ga 'yan layuka na tsakure. A ƙasa kuma an rubuta cewa duk mai son karanta sauran sai ya biya dala 40. A lokacin dala ɗaya ta haura naira 1,500, wato kuɗin ya wuce naira 60,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a wannan shekara naira 70,000 ne. Shafi 22 na rubutu, kusan albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci! Muka yi shiru muna kallon wayar, domin mu kanmu da muka rubuta maƙalar ba mu da ikon buɗe ta a wannan zama.

Bari mu gaya wa mai karatu yadda aka yi maƙalar ta samu. A 2013, muna tsakiyar neman digiri na uku, mun shafe wata huɗu muna zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Rido da Kujama da rakoda a hannu, muna ɗaukar waƙoƙin da mata ke yi wajen daka da niƙa da renon yara. Abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda suke sarƙa Hausa da Gbagyi a cikin waƙa guda, a ba da waƙa da wannan harshe, a yi amshi da wancan. Babu wadda ta nemi ko kwabo a hannunmu, in ban da goro da sabulu da mukan riƙa a matsayin gaisuwa. Akwai wata tsohuwa da ta fi kowa ba mu lokacinta, takan maimaita mana waƙa sau uku sau huɗu ba tare da ƙosawa ba. Ranar da muka je sallama ta dube mu ta ce, "Ɗana, duk wannan abu da ka kwashe a bakinmu, in ka gama rubutawa, wa zai karanta mana?" Muka yi mata alkawarin da kanmu za mu dawo mu karanta musu. Ba mu koma ba. Digiri ya samu, ƙarin girma ya biyo baya, hidimomi suka yi yawa. A wannan zama na Mararaban Rido ne muka ji cewa Allah ya yi mata rasuwa shekara uku da suka wuce.

A hanyarmu ta komawa gida muka shiga bin sawun kuɗin da aka kashe kafin maƙalar nan ta fito. Makarantun da muka yi tun daga firamare har jami'a na gwamnati ne. Albashin da muke ci lokacin binciken daga baitulmali yake fitowa. Kuɗin mota da na rakoda da na masauki kuwa tallafi ne irin wanda ake ba malaman manyan makarantu daga harajin ilimi. Wannan haraji ya samo asali ne daga gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i, aka kafa shi da doka a 1993 a kan kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, a 2011 kuma aka mai da asusun ya zama TETFund, ya taƙaita ga manyan makarantu. Wani kaso na irin wannan haraji a ƙarshe kan faɗo ne a kan mai sayen sabulu da siminti da katin waya. Ashe ke nan tsohuwar nan ta biya sau biyu, ta ba da waƙarta, ta kuma sa hannu a kuɗin tafiyarmu ba tare da ta sani ba.

Da muka gama rubutu, sai muka aika wa wata mujalla ta ƙasar Turai, domin ka'idar ƙarin girma ta fi daraja abin da aka buga a waje. Masana biyu suka duba aikin kyauta, kamar yadda aka saba. Da aka karɓa, aka aiko mana da wata takarda muka sa hannu cikin murna, ba mu ko tsaya karanta ta ba. Takardar nan ita ce ta miƙa haƙƙin mallakar rubutun ga kamfanin ɗab'i. Ba wanda ya sa mana wuƙa a wuya. Mu muka nome gonar jama'a da garmar jama'a, muka ɗauki hatsin da kanmu muka zuba a rumbun wasu, aka rufe, aka ce masu gona su zo da kuɗi. Mutumin Mararaban Rido ba baƙo ba ne ga irin wannan ciniki, domin ya shafe shekaru yana kallon matata a bayan gidansa ba ta aiki, ana fitar da ɗanyen mai waje, shi kuma yana sayen tataccen da tsada.

Wannan al'amari ya girme mu. Tun farkon zuwan Turawa ake rubutu a kan mutanen kudancin Kaduna, kuma da wuya rubutun ya dawo gare su. A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aikin mulki a Jama'a, ya buga littafi a Landan a 1912 wanda tun daga sunansa ya siffanta mutanen yankin Kagoro da masu wutsiya, masu farautar kawunan mutane. C. K. Meek ya fitar da nazarinsa a kan ƙabilun Arewa a 1931, Harold Gunn kuma ya fitar da nasa a 1956. M. G. Smith ya yi bincike a Lardin Zazzau a 1949 da 1950 da kuɗin wata majalisar binciken zamantakewa da gwamnatin Ingila ta kafa a 1944 domin ƙasashen da take mulka. Daga wannan bincike ne ya rubuta littafinsa a kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau a 1955, da na sarautar Zazzau a 1960, da kuma maƙalu a kan Kagoro da Adara. Matarsa, Mary Smith, ita ce ta zauna da Baba mutuniyar Karo a Giwa ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. An buga labarin da Turanci a 1954, ya zagaya jami'o'in duniya, amma ainihin Hausar da Baba ta yi magana da ita sai da ta jira kusan shekara 40 kafin a buga ta. Bugu da ƙari, rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan kowace gunduma, waɗanda da harajin kakanninmu aka biya su albashin rubutawa, suna nan jibge a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Daga Mararaban Rido zuwa can tafiyar ba ta kai awa guda ba a mota, amma mutum nawa ne a garin suka san akwai labarin ƙauyensu a ciki?

Wani zai ce, ai wannan damuwar malaman jami'a ce, me ya haɗa manomi da maƙala? Da a ce maganar ta tsaya a kan waƙoƙin daka, da mun yi shiru. To, amma a kudancin Kaduna tarihi ba abin hira ba ne kawai, abu ne da ake zubar da jini a kansa. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da wasu garuruwa. A Fabrairu da Mayu na 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga batun sauya wa kasuwa wuri. A Oktoba na 2018 aka yi na Kasuwan Magani, nan kusa da Mararaban Rido. A ƙarƙashin kusan kowace irin wannan fitina akwai tambayoyi na tarihi: wa ya riga wa zuwa, wa ya ba wa ƙasa, ta yaya aka naɗa hakimi, wa ya shata iyaka. Gwamnati ta kafa kwamitoci, kamar na Hansine Donli a 1987 da na Mai Shari'a Rahila Cudjoe a 1992, da kuɗin jama'a suka zauna, suka saurari shaidu. Masana irin su Yusufu Bala Usman da Jibrin Ibrahim da Yusufu Turaki da Toure Kazah-Toure sun yi rubutu mai zurfi a kan waɗannan al'amura. Ba su yi ittifaƙi a kan komai ba, kuma a nan amfanin karanta su yake, domin mai karatu zai ga yadda ake saɓani da hujja ba tare da an zare wuƙa ba. Ba mu ce da an karanta su da ba a yi faɗa ba. Abin da muke cewa shi ne, saurayin da ke zaune a bakin tasha da waya a hannu, in bai sami wannan rubutu ba, zai sami wani, wato saƙon murya na WhatsApp wanda ba a san mai shi ba, ba a kuma tambaye shi hujja ba.

Akwai wani abin takaici da ya kamata a lura da shi a nan. Tsofaffin littattafan Turawa irin na Tremearne, saboda wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kowa na iya sauke su kyauta a intanet. Yawancin nazarce-nazarcen zamani da suka bi bayansu suka warware ƙarairayinsu kuwa, su ne ke bayan katangar kuɗi, ko kuma a cikin littattafan da suka ɓace daga kasuwa. Wato cin mutunci kyauta ne, gyara kuma sai da dala. Yaron Kagoro da ya nemi labarin kakanninsa zai fi saurin cin karo da mai ce musu masu wutsiya fiye da ɗan uwansa masani da ya mayar da martani.

Duniya ba ta zauna ta zura ido ba. A 2002 wasu masana suka fitar da sanarwar Budafes, suna kira da a buɗe sakamakon bincike ga kowa a intanet ba tare da biya ba, sanarwar Balin ta biyo baya a 2003. A 2018 wasu hukumomin ba da tallafin bincike na Turai suka shar'anta cewa duk aikin da suka biya wa kuɗi dole a buga shi a buɗe. A 2021 ƙasashen da ke cikin UNESCO, har da Nijeriya, suka amince da shawarar buɗe ilimin bincike. A nahiyarmu, tun 1998 aka fara tattara mujallun Afirka a dandalin AJOL, majalisar CODESRIA da ke Dakar kuma ta jagoranci wata sanarwa a kan batun a 2016. A nan gida, an yi taron ƙara wa juna sani a kan haka a Jami'ar Ahmadu Bello a 2008, Jami'ar Jos ta buɗe rumbunta na intanet a 2009, ta Zariya ma tana da nata mai suna Kubanni.

Sai dai kuma an gudu ba a tsira ba. Manyan kamfanonin ɗab'i, da suka ga iska ta juya, sai suka ce to, mai karatu ya karanta kyauta, amma marubuci ya biya, kuma kuɗin kan kai dala dubu biyu ko uku a kan maƙala ɗaya, wani lokaci ma fiye. Ga malamin da ke karɓar albashi da naira, an cire kwaɗo daga ƙofar shiga ne an mayar da shi ƙofar fita. Gaskiya ne cewa aikin ɗab'i yana cin kuɗi, mai tace rubutu da mai tsara shafi da mai kula da na'ura duk sai sun ci abinci. Tambayar ita ce wa zai biya, kuma nawa. Ƙasashen Latin Amurka sun nuna wata hanya tun ƙarshen shekarun 1990, inda Barazil ta kafa SciELO, jami'o'i da hukumomin gwamnati suka ɗauki nauyin mujallu da yawa, kowa yana karantawa kyauta. Asusun da ya iya gina manyan ɗakunan karatu a kowace jami'a ta gwamnati ba zai kasa ɗaukar nauyin irin wannan ba, ya kuma shar'anta wa duk wanda ya ci tallafinsa ya ajiye kwafin aikinsa inda jama'a za su gani.

Amma in za mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, ba duk makullan ne ke hannun Turawa ba. A sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da sauransu, an shafe shekaru gommai ana rubuta kundayen digiri da Hausa tsantsa, a kan waƙoƙi da tatsuniyoyi da sana'o'i da sarautu da magungunan gargajiya. Wane Bature ne ya kulle su? Da yawansu suna cikin kabad a ofisoshinmu, ƙura da gara suna rabon su. In aka ce a ɗora su a intanet, sai mu ce za a sace. Alhali kuwa ɓarawon rubutu ya fi sakewa inda babu mai iya gwada abin da ya kawo da na asali. Abin da ke fili, satarsa ma a fili take. Hanzarin da muka yarda da shi guda ɗaya ne: akwai abin da mutane kan faɗa wa mai bincike bisa amana, kamar sirrin iyali ko asirin tsafin gargajiya ko sunan wanda ya ba da shaida a kan rikici. Irin wannan sai an rufe, kuma masu shi ne ke da ikon cewa a buɗe ko a bari.

Daɗin daɗawa, ko an cire kuɗi, akwai katangar harshe. Da tsohuwar nan tana raye, da an ba ta maƙalarmu kyauta ma babu abin da za ta tsinta a ciki. A nan kuwa ba sai mun je Budafes neman darasi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa mayar da ilimin da ke cikin Larabci zuwa waƙoƙin Fulfulde da Hausa, ta danƙa wa jajis na 'Yan Taru suna kai wa matan ƙauyuka. A zaurukan malamanmu, ɗalibi kan ari littafi ya kwafa da hannunsa, ba wanda ke neman ya biya diyya, hasali ma ɓoye ilimi abin zargi ne a wurinsu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da hukumar NORLA a shekarun 1950, sun cika kasuwanni da ƙananan littattafai masu araha a zamanin Yaƙi da Jahilci. A shekarun 1980 Bala Usman da abokan tafiyarsa ba su tsaya ga Turanci ba, sun fitar da Fitila da Hausa domin talaka ya karanta. Mu da muke cin abinci da sunan Hausa, mu ne ya fi kamata mu ji kunyar barin wannan turba. Kuma inda mutane ke da harshensu, kamar Gbagyi ko Tyap ko Jju, haƙƙinsu ne a kai musu da shi gwargwadon iko.

Da muka isa gida, muka tono takardar nan da muka sa wa hannu, muka karanta ta a karo na farko. Ashe ta ba mu damar ajiye kwafinmu na ƙarshe, wanda ba a yi masa tsarin mujalla ba, a rumbun jami'armu bayan wani wa'adi, kuma wa'adin ya cika tun tuni. Shekara da shekaru mabuɗi yana aljihunmu ba mu sani ba. Muka ɗora shi. Sa'an nan muka zauna muka sake rubuta abin da ke ciki da Hausa mai sauƙi a shafi takwas, muka kwafe muryoyin matan a katin waya bayan an nemi iznin waɗanda ke raye da iyalan waɗanda suka rasu, muka aika wa tsohon ɗalibinmu.

Bayan mako uku ya kira mu. Ya ce, "Malam, yara sun ji daɗi ƙwarai, har wasu sun ce za su ɗauko na kakanninsu. Sai dai, a gafarce ni, sun ce akwai gyara." Wasu 'yan mata biyu Gbagyi a ajin sun nuna masa cewa mun juya ma'anar wata kalma a cikin amshin waƙar niƙa. Abin da muka ɗauka kuka ne da kishiya, ashe zolayar ƙanen miji ce. Shafi biyu cur muka gina a kan wannan kuskure. Masana biyu sun duba ba su gani ba, mujalla ta buga, wasu ma sun kafa hujja da shi a nasu rubutun, ya yi shekaru yana zaune lafiya a bayan katanga. Kwana ɗaya tak ya yi a gaban masu abin suka kama shi.

Mun rubuta wa mujallar muna neman a buga gyara, mun kuma sa a cikin takardar cewa ɗalibai ne na wata makaranta a Mararaban Rido suka gano shi. Wannan ya rage mana nauyi, amma bai sauke shi duka ba. Tsohuwar da ta tambaye mu wa zai karanta musu ta tafi ba ta ji ko layi ɗaya ba, kuma da ta ji, da ita ce za ta fara yi mana dariya a kan ƙanen mijin nan. Allah ya jiƙanta. Mu kuma da sauran abokan aikinmu da ke da irin wannan bashi a wuya, Allah ya ba mu ikon biya tun masu bin mu suna raye.